Hutu a bakin teku: kafin ka shiga jirgin kamun kifi, san mai jirgin

Mutumin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa da ya tashi bai san wani ruwa ba sai tabki da gulbin damina, ranar da Allah ya kai shi bakin teku yakan tsaya ya yi shiru. Ko ɗan Yamai da ya saba da kogin Kwara bai taɓa ganin ruwan da ba a hango gacinsa ba. Ƙasarmu ba ta da teku, amma ƴaƴanta suna zuwa can kullum: ƴan kasuwa, da ɗalibai, da ma'aikatan da ake aikawa taro, da masu iyali da ke neman wurin hutu. Wanda ya sauka Dakar, babban birnin Senegal, ba zai yi kwana biyu ba sai wani saurayi ya tare shi a ƙofar otel ko a bakin ruwa, ya nuna masa hotunan manyan kifaye, ya ce gobe da asuba akwai jirgi. Sha'awa takan sa baƙo ya amsa nan take. To, a nan ne ya kamata mutum ya dakata, domin abin da zai miƙa wa mai jirgin ba kuɗinsa kaɗai ba ne, har da ransa da na waɗanda ya ɗauko.

Da farko sai baƙo ya san cewa fitar iri uku ce, kuma kowace da mai ita. Akwai manyan jirage masu inji biyu da ke tashi daga Dakar da Sali, garin ƴan hutu da ke wajen kilomita 80 kudu da Dakar, su nausa cikin teku har ƙasa ta ɓace, suna jan ƙugiya a bayansu wuni guda. Akwai kwale-kwalen katako na masunta, irin na Lebu mazauna Ngor da Yof da Wakam, waɗanda su ne gadonsu. Su ba su cika nisa da gaɓa ba, sukan tsaya kan duwatsun ƙarƙashin ruwa a saki fatsa ƙasa. Akwai kuma mashigin kogin Salum, can kudu, inda ruwan gishiri ke ratsa itatuwa ta ƙananan rassa, ba raƙuman ruwa ba hayaniya. Hukumar UNESCO ta sa wannan yanki cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Wanda ke tare da yara ko tsofaffi, ko wanda bai taɓa hawa ruwa ba, Salum ta fi dacewa da shi, in ya so wata shekara ya gwada babban teku.

Abu na biyu shi ne lokaci. Teku ma tana da rani da damina. Daga wajen Disamba zuwa Mayu iska na busowa daga arewa, tana ture ruwan sama daga gaɓa, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa. A wannan lokaci teku takan yi fushi, kuma kifayen da suka fi samuwa su ne na ƙasa, kamar wanda Wolof ke kira cof, sarkin kifin tukunyar Senegal, wanda yawan kamu ya sa ya yi ƙaranci ya yi tsada. Daga wajen Yuni zuwa Oktoba ruwa yakan yi ɗumi, sai kifi mai dogon baki kamar mashi da tuta a gadon baya ya iso, tare da babban ɗan'uwansa marlin, wanda macensa kan wuce kilo 500. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin kifi mai tuta a watan Janairu, ka san da dillali kake magana. Mai jirgin kirki ba ya ma yin alkawarin kamu sam, domin ya san arzikin ruwa na Allah ne. A lura kuma da suna: kifin da Faransanci ke kira kapitan a bakin teku ba giwar ruwan da muka sani a Kwara da tabkin Cadi ba ce, wani kifi ne dabam.

Abu na uku, wanda ya fi duka nauyi, shi ne mutumin da ke riƙe da jirgin. Baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata. Kada ka biya ko dala a hannun mai hoto. Ka ce a kai ka wurin matuƙin kansa, ka ga jirgin da idonka tun ana gobe za a fita, da rana tsaka. Fenti ba ya ceton kowa. Ka ƙidaya rigunan ceto, ka ga ko sun kai yawan mutanen da za su shiga, har da ƙanana daidai jikin yara, domin rigar babba takan zame ta kan yaro in ya faɗa ruwa. Ka tambayi takardun jirgin da na inshora. Ka tambayi inji nawa ne, da ko akwai esansi na ajiya da anga da ruwan sha. Wannan tambaya tana da dalili: Dakar tana kan ƙuryar yammacin nahiyar Afirka, kuma jirgin da injinsa ya mutu ba tsayawa yake yi kamar mota a hanyar Doso ba, iska da igiyar ruwa ne ke tafiya da shi. Yamma da Dakar babu wani tudu sai tsibiran Kap Ber, kusan kilomita 600. Salula takan daina aiki in an yi nisa da gaɓa, don haka dole jirgin da zai shiga can ciki ya kasance da rediyon VHF, wadda tasharta ta 16 ita ce ta neman agaji a tekunan duniya duka.

Ka kuma tambaye shi labarin iska. Hukumar yanayi ta Senegal, ANACIM, tana fitar da gargaɗi ga masunta in ana sa ran manyan raƙuman ruwa ko guguwa. Matuƙin da ya ce maka yau ba fita, ya mayar maka da kuɗinka ko ya ɗaga zuwa jibi, shi ne wanda ya kamata ka riƙe. Wanda ke cewa ba komai a kan kowace tambaya, shi ne abin gudu. Haka nan in ka ga ana ƙara mutane bayan an gama ciniki, ka sauka ba tare da jin kunya ba. Mutanen Senegal sun san kuɗin lodi fiye da kowa: ran 26 ga Satumba 2002 jirgin Le Joola, da aka ƙera don ɗaukar mutane ƙasa da 600, ya kife daura da gaɓar Gambiya a hanyarsa daga Ziginshor zuwa Dakar, gwamnati ta ƙidaya mutum 1863 da suka rasu, 64 kaɗai suka tsira. Babban jirgi ke nan na ƙarfe, balle ƙaramin kwale-kwale.

Sai batun ciniki. Kuɗinsu da namu ɗaya ne, sefa, saboda haka babu rikicin canji, amma akwai na rashin fayyace magana. A yanke tun a tudu: jirgin duka aka ɗauka ko kujera kujera? Awa nawa, kuma daga yaushe ake ƙidaya? Esansi da koto da kayan su da abinci suna ciki? In iska ta hana fita, ina makomar abin da aka bayar? Kifin da aka kama na wane ne? Wannan na ƙarshe ya sha haddasa gardama a bakin ruwa, domin wasu masu jirgi suna ɗaukar kifin hakkinsu ne su sayar, wasu kuwa sukan saki kifi mai tuta da ransa don kada irinsa ya ƙare. A rubuta duka a takarda. Araha ba ta ado: farashin da ya faɗi ƙasa ƙwarai, daga rigar ceto ko daga esansi aka rage shi.

Saura jikin mutum. Jirin teku ba ragwanci ba ne. Ido ne ke ganin jirgi a tsaye, kunnen ciki kuma yana jin ana lilo, sai ciki ya juya. Maganinsa kafin a tashi ake sha, bayan shawarar likita ko mai farmasi. A ci abinci kaɗan marar maiƙo, a zauna tsakiyar jirgi, a kafa ido inda sama ta haɗu da ruwa. Wanda bai taɓa fita ba ya fara da rabin wuni. A sanar da wani a otel sunan jirgin da lokacin dawowa. Rigar ceto kuwa a jiki ake sa ta tun daga gaɓa, ko mutum ya iya iyo a tabkin garinsu.

Wanda ya kiyaye waɗannan, ko bai kamo komai ba ya ci riba: ya ga Dakar daga cikin ruwa, ya ga masunta na shigowa Sumbejun da marece, ya ci shinkafa da kifi inda aka fi iya dafa ta, sa'an nan ya komo gida da ƙafafunsa ya ba ƴaƴansa labari. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su lafiya.