Sayar da Shago a Birnin Zariya: Abin da Mai Saye Ke Son Gani

Duk wanda ya leƙa shagon ɗinki a cikin birnin Zariya a goman ƙarshe na azumi zai ɗauka kuɗi ake kwasa da shebur. Kekuna na ta ruri har asuba, manyan riguna rataye suna jiran sirfani. To amma ya dawo bayan Babbar Sallah ya gani. Shi ya sa masu saye da suka san kan harkar ba sa taya shago da cinikin wata guda, littafin shekara suke nema.

Nan ne masu sayarwa da yawa ke tuntuɓe. Keke da injin sirfani da janareta kowa na iya yi musu kuɗi. Abin da ke ɓoye shi ne bashin zare da shadda da aka karɓo, da kuɗin kafin alƙalami na mutanen da ba a gama musu aiki ba, da tarin kuɗin wuta na Kaduna Electric, da watannin da suka rage na haya. Galibi ma ɗakin shagon ba na telan ba ne, don haka idan mai gida bai amince ba, cinikin bai ƙullu ba ko da an ce an sallama. Malaman zaure da ke karantar da Risala da Muhtasar sun daɗe suna bayani cewa ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye na da damar mayarwa.

Zamani ya ɗan sauƙaƙa abin. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki da yawa ya koma turawa ta banki, saboda haka takardar asusu kan nuna abin da ke shigowa. Idan an yi wa sunan shagon rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sai a je a sauya sunan mai shi.

Sai dai jarin tela na gaskiya masu kawo ɗinki ne, su kuwa mutum suke bi. Mai sayarwa nagari kan zauna tare da magajinsa na wani lokaci, ya haɗa shi da su ɗaya bayan ɗaya, daga Kwarbai har Ƙofar Doka, ya kuma yi alkawarin ba zai buɗe wani shagon a layin ba. Dillali na da la'adarsa, amma kada a tsaya a bakinsa: a rubuta komai, shaidu su sa hannu a gaban mai unguwa kafin a miƙa makulli.