Tsohon kaya, sabon farashi

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar kuɗin sefa: tamma guda ta Faransa ta tashi daga dala 10 zuwa dala 20. Sai masu kantuna na unguwar Zongo, a Yamai, suka shiga shawara: kayan da ke ajiye, tsohon kuɗi za a sayar da su ko sabo?

Mai kanti na lissafin sari na gaba, don in bai ƙara ba jari zai karye. Yaronsa, mai tsayuwa gaban jama'a, na tsoron masu saye su watse. Uwargida kuwa ba a ninka mata kuɗin cefane ba. Wanda ya saurari ɗayansu kaɗai, ko jari ya rasa, ko masu ciniki.