Me ya sa jirgi ke jijjiga a sama?

Mu 'yan Birnin Zazzau mun taso muna kallon ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa, wadda aka kafa a 1964. Amma ranar da na fara shiga jirgi, daga Legas zuwa Kano, da ya soma jijjiga wallahi salati kawai nake!

Ga dalili: rana ta gasa ƙasa, iska mai zafi ta taso, jirgi ya ratsa ta kamar mota a gargada. An ƙera shi ya jure hakan. Wanda bai ɗaura bel ba ne ke jin ciwo. Hazon hunturu ya fi damun matuƙi, don yana ɓoye titin sauka. In an ɗage tafiyarku saboda hazo, kar ku yi faɗa, ranku ake tsarewa.