Heathcliff da Abubakar: Kishin Maza a Littattafai Biyu

A Gusau in aka ce kishi, hankali kan tafi ga mata: uwargida da amarya, ranar girki, habaici a tsakar gida. Amma Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda ya fito a 1847, kuma WAEC ta ɗora wa ɗaliban adabin Turanci daga 2021 zuwa 2025, kishin namiji ne ya cika shi.

Wata ɗiyar ƙanwata a Bungudu ce ta mayar da ni gare shi. Na tarar da ita a kan tabarma, ta bi sunayen da jan biro, Catherine biyu, uwa da ɗiya, sun rikita ta. Na ce, "Ke, ai kin san labarin nan. Jiki Magayi ne."

A Jiki Magayi, littafin John Tafida da Rupert East, na shekarun 1930, attajiri Malam Shehu ya yi wa Abubakar shigar sauri a kan Zainab, dukiya ta yi rinjaye. A arewacin Ingila kuwa Catherine ta zaɓi Edgar Linton mai gida da asali, ta bar Heathcliff. Heathcliff, yaron da aka tsinto a titin Liverpool, yana raɓe ya ji tana gaya wa Nelly mai aikin gida cewa aurensa zai zubar mata da daraja. Ya fice bai ji sauran zancen ba, inda ta faɗi irin son da take masa. Shekara 3 ba labarinsa, ya dawo da kuɗi da ƙullin zuci. Shi ko Abubakar daji ya shiga neman asiri.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda ya kwashi kashin. Asirin Abubakar a kan Kyauta ɗan Zainab ya sauka, ya tashi ɓarawo. Heathcliff ya auri Isabella don ya ƙuntata wa yayanta Edgar, ya hana Hareton, ɗan yayan Catherine, karatu, ya tilasta wa ɗiyar Catherine auren ɗansa mai jinya. Yara ne da ba su san hawa ba balle sauka.

A ganina zuciyar Catherine ba ta taɓa juyawa ba, lissafi ta yi. Ɗiyar tawa ba ta yarda ba. Ta ce mai so ba ya lissafi, ta ja littafinta ta juya mini baya.