Duwatsun Damagaram: Shekarun dutse daban, shekarun ƙasa daban

Matafiyin da ya taso daga Yauri, cikin gundumar Matameye, rairayi da gonakin gero zai yi ta gani. Sai ya kusa Zinder ne manyan duwatsu ke bayyana a jibge. Wannan dutsen da garin ke zaune a kai ba ya riƙe ruwa sosai, yana kuma cikin dalilan ƙarancin ruwan da Damagarawa suka daɗe suna fama da shi. To amma yaushe ya samu?

Amsar tana cikin yuraniyom, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Cikin dutse akwai ƙwayoyin zirkon, ƙanana kamar tsabar yashi, waɗanda ke kama yuraniyom lokacin da narkakken dutse ke daskarewa. Daga ranar yuraniyom ɗin ke rikiɗewa zuwa dalma a hankali: rabin nau'in 238 na juyewa cikin kimanin shekara biliyan 4.5. Idan aka auna yawan dalmar, an san shekarun.

Da irin wannan awo, musamman na rubidiyom da sitrontiyom, aka gano cewa jerin duwatsun da suka taso daga Ayar zuwa Jos ba sa'o'in juna ba ne. Na Ayar sun haura shekara miliyan 400, na Damagaram da Muniyo suna wajen miliyan 300, yawancin na Jos kuwa ba su kai miliyan 200 ba. Gaba ɗayansu yara ne a gaban wani dutse na Kaduna da aka auna a 2001, mai fiye da shekara biliyan 3.5.

Sai dai akwai tarko. Maƙerin da ya narka tsofaffin gwangwanaye ya zuba tukunya, tukunyar sabuwa ce amma ƙarfen tsoho ne. Haka dutse: yana iya zama tsohon ɓawon ƙasa da ya narke ya sake daskarewa. Shi ya sa masana ke ƙara duba sinadarin hafniyom cikin zirkon, don rarrabe sabon da ya fito daga cikin duniya da tsohon da aka sake juyawa.

Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2012 ya kiyasta cewa kusan kashi biyu cikin uku na ɓawon nahiyoyi sun riga sun samu tun shekara biliyan 3 da suka wuce. Wasu masanan na ganin ya fi haka, domin wanda ya nutse ya koma cikin ƙasa bai bar ƙwayar da za a auna ba.