Ina Kifin Tirawut Ke Ɓuya a Lokacin Kaka? Yadda Ake Karanta Kogunan Kan Dutse

Idan ka bi hanyar mota ta cikin Duwatsun Roki a Amurka tsakanin Satumba da Oktoba, za ka riƙa ganin motoci a ajiye a gefen titi, masu su kuma suna tsaye cikin kogi, ruwa har gwiwa, suna jefa fatsa. Tirawut suke nema, wani kifin ruwan sanyi ɗan'uwan kifin salmon. Abin mamaki, mutum biyu za su tsaya a kogi ɗaya, tazararsu ba ta wuce mita 50 ba, ɗaya ya yi ta kamu, ɗayan ya wuni bai ga ko wutsiya ba. Sai ka ji an ce sa'a ce. To, akwai sa'a kam, amma mafi yawan abin lissafi ne. Tirawut na zama ne inda abubuwa huɗu suka haɗu: sanyin da ya dace, iskar oksijin, abinci da mafaka. A lokacin kaka wannan mahaɗa tana sauya wuri, kuma wanda ya san dalili shi ke sanin inda zai tsayar da mota.

Bari mu ɗauki yankin gandun dajin Yellowstone da kudancin jihar Montana a matsayin misali.

Fara da ma'aunin zafi

Zafin jikin kifi yana bin zafin ruwan da yake ciki ne. Idan ruwa ya yi ɗumi, jikinsa na ƙara aiki, yana buƙatar oksijin mai yawa. Matsalar ita ce, ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin sosai. A daidai tsayin teku, lita ɗaya ta ruwa mai digiri 10 a ma'aunin Salshiyas tana iya riƙe kusan miligiram 11.3 na oksijin. A digiri 20 sai ya sauko kusan 9.1, a digiri 30 kuma kusan 7.5. A kan dutse mai tsayin mita 2,000, irin tsayin garin West Yellowstone, sai ka sake rage kusan kashi ɗaya cikin biyar, don iskar can ba ta da nauyi. Ka ga ke nan buƙata na hawa, abin buƙatar kuma yana raguwa.

Tarwadar da muka sani ba ta damu da wannan ba, domin tana da wata gaɓa da take shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa take rayuwa ko a cikin taɓo. Tirawut ba shi da wannan gata. Ya fi walwala da cin abinci tsakanin digiri 10 zuwa 16. Da ruwa ya wuce digiri 20 ya shiga wahala, har wanda aka kama aka saki yana iya mutuwa daga baya. Shi ya sa a watannin zafi hukumar kula da kifi da namun daji ta Montana kan hana kamun kifi a wasu koguna daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare, idan zafin ruwa ya kai kusan digiri 23 kwana uku a jere. Idan kuma ruwa ya yi ƙasa da digiri 5, jikin kifin kan yi nauyi, ya rage farauta.

Don haka kayan aiki na farko ɗan ƙaramin ma'aunin zafi ne. Tsoma shi cikin ruwa na minti ɗaya kafin ka ɗaura ƙugiya.

A kaka, wurin kirki yana gangarowa

A matsakaici, duk hawan mita 1,000 iska na ƙara sanyi da kusan digiri 6.5. A Yuli da Agusta wannan na nufin ƙananan rafukan can sama ne suka fi dacewa, manyan kogunan kwari kuma sun yi ɗumi. Da Oktoba ta shigo sai abin ya juye: rafukan sama su yi sanyi ƙalau, kogunan kwari su dawo daidai. Idan kana tsara tafiya, fara da wurare masu tsayi a farkon kaka, ka riƙa gangarowa yayin da kwanaki ke tafiya. Kwarin Lamar, alal misali, a Satumba ya fi daɗi.

Lokaci ma haka yake. A watannin zafi sammako ake yi. A Oktoba kuwa ruwa ya fi sanyi da asuba, sai da rana ya ɗan ɗumama. Sha shayinka a natse, ka fito da hantsi, ka yi har la'asar.

Akwai ruwaye iri uku da ba sa bin wannan doka sosai, kuma yana da kyau ka yi musu alama a taswira. Na farko, kogin da ke ƙasan madatsar ruwa, kamar Missouri a ƙasan madatsar Holter ko Bighorn a ƙasan Yellowtail. Ruwan da ke fitowa daga tafki mai zurfi ba ya saurin sauya zafi, don haka kifi na ci gaba da cin abinci har cikin hunturu. Na biyu, rafukan da ke fitowa daga idon ruwa, irin na kusa da garin Livingston, waɗanda zafinsu kusan ɗaya ne duk shekara. Na uku kuwa shi ne kogin Firehole, wanda maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone ke zuba a cikinsa. A tsakiyar watannin zafi ya kan yi ɗumi da yawa, amma a kaka sai ya zama daga cikin mafi kyau.

Ka isa bakin kogi, sai ina?

Tirawut ɗan kasuwa ne, ba ya kashe ƙarfin da ya fi ribar da zai samu. Tsayawa cikin ruwa mai gudu na cinye ƙarfi, amma ruwa mai gudu shi ke kawo abinci. Mafita ita ce ya kwanta a inda ruwa ya lafa, dab da inda yake gudu, ya riƙa leƙawa yana cafke abin da ya wuce. Ga alamun da za ka duba:

- Layin kumfa a saman ruwa. Inda kumfa ke taruwa, nan ƙwari ke taruwa.
- Gaba da bayan babban dutse, inda ruwa ke rage sauri.
- Inda ruwa mai tsalle a kan tsakuwa ya faɗa cikin gurbi mai zurfi. Tsallen yana cusa oksijin, zurfin kuma mafaka ne daga tsuntsaye.
- Gefen waje na lanƙwasar kogi, inda ruwa ya ci gaɓa ta ƙasa.
- Bakin da ƙaramin rafi ke shiga babban kogi.

A kaka ruwa kan ragu ya yi garau, don dusar ƙanƙarar bara ta riga ta narke. Kifi na ganinka kafin ka gan shi. Tafi a hankali, kada inuwarka ta faɗa kan ruwa, kuma tabarau mai kashe ƙyalli zai taimaka maka ganin ƙasa. Kada ka raina ranar gajimare ko yayyafi: a irin wannan rana ne wasu ƙananan ƙwarin ruwa masu fukafukai ruwan toka ke fitowa da yawa bayan azahar, kifi kuma ya taso sama yana ci. A Satumba, kafin sanyin dare ya kashe su, fara da iska ke jefawa cikin ruwa daga ciyawar gaɓa ma babban abinci ce.

Wurin da ya fi jan ido, shi za ka bari

Ba duk tirawut ke haihuwa lokaci ɗaya ba. Mai launin bakan gizo da mai jan maƙogwaro, wanda shi ne ɗan asalin Yellowstone, bayan hunturu suke yin ƙwai. Mai ruwan ƙasa kuwa, wanda aka kawo ƙwansa Amurka daga Jamus a 1883, a kaka yake yi, galibi daga Oktoba zuwa Disamba. Shi ya sa manyan kifaye ke barin tafkin Hebgen su haura kogin Madison zuwa cikin gandun, masu fatsa kuma su biyo su.

Macen tana kaɗa wutsiya ta share tsakuwa a wuri marar zurfi mai gudun ruwa, ta zuba ƙwai, namiji ya barbare su, ta rufe. Za ka gane wannan sheƙa da sauƙi: wani fili ne na tsakuwa mai haske, kamar an wanke, a tsakiyar ƙasa mai duhu. Ƙwan na nan a binne har ƙarshen hunturu, kuma ruwan da ke ratsa tsakuwar shi ke kai musu oksijin.

A nan fa ake ɓarna. Wani bincike da aka yi a Montana, aka wallafa a 1992, ya nuna cewa taka irin wannan wuri sau biyu a rana tsawon lokacin da ƙwan ke girma na iya kashe har kashi 96 cikin 100 na ƙwai da 'ya'yan da ba su fito ba. Taku ɗaya ma, dab da ƙyanƙyashewa, na iya kashe har kashi 43. Idan ka ga kifaye biyu ko uku a kwance kan tsakuwa mai haske, ƙyale su. Nemi waɗanda ke cikin gurbi, kuma idan za ka tsallaka kogi, bi ta saman sheƙar, domin ƙwan na cikin tudun tsakuwar da ke ƙasanta.

Takalminka ma na iya ɗaukar cuta daga kogi zuwa kogi. A 1994 aka gano wata cuta a Madison mai lalata guringuntsin ƙananan kifi har su riƙa juyawa kamar katantanwa, kuma a wani sashe na kogin tirawut mai launin bakan gizo ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Mai yawo da mota yana iya taɓa koguna uku a rana ɗaya. Wanke laka, ka shanya kaya su bushe kafin ka shiga wani ruwan. Tun 2018 Yellowstone ya hana takalmin shiga ruwa mai tafin matsattsen ulu, saboda yana riƙe danshi da ƙwayoyin halitta.

Kafin ka tada mota

Doka na sauyawa da sauyin iyaka. Gandun Yellowstone yana da nasa lasisin, na jiha ba ya aiki a ciki. Can ƙugiya marar ƙaya ake amfani da ita, ba a yarda da dalma ba, kuma dole a saki mai jan maƙogwaro. A Montana, dokar 1985 ta ba jama'a damar amfani da kogi har zuwa iyakar da ruwa ke kaiwa idan ya cika, amma ba ta ba ka damar ratsa gonar wani don ka isa ba. A Wyoming kuwa ƙasan kogin ma na mai filin ne. Karanta ƙa'idar shekarar, domin ranakun rufe ruwa kan sauya.

Hukumar binciken ƙasa ta Amurka tana sanya yawan ruwan koguna da dama a intanet, wasu har da zafinsu, don haka kana iya dubawa tun kafin ka ƙona mai. Duba hanya ma: titin Beartooth, mai hawa sama da mita 3,300, ana rufe shi wajen tsakiyar Oktoba saboda dusar ƙanƙara. Kaka kuma lokaci ne da dabbar beyar ke cin abinci ba ji ba gani kafin barcin hunturu, kuma dokar gandun ta ce ka bar aƙalla mita 91 tsakaninka da ita.

Idan za ka riƙe abu kaɗan, ga su: auna ruwa, gangaro ƙasa yayin da sanyi ke ƙaruwa, fito da hantsi, nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai lafawa, sannan ka kauce wa tsakuwa mai haske. Kifin da za a kama a wannan kogi nan da shekara uku ko huɗu yana kwance a cikinta.