Ifraimu da Gileyad: sa'ad da lafazi ya zama hukuncin kisa

A Littafin Mahukunta mutanen Ifraimu sun kawo kuka iri ɗaya sau biyu: an tafi yaƙi ba a kira su ba. A sura 8 Gidiyon suka tasa a gaba, bayan an kori Madayanawa. A sura 12 kuma Yefta suka je wa, bayan ya ci Ammonawa, har da barazanar ƙone shi cikin gidansa.

Gidiyon ya amsa musu da harshen manoma. Ya nuna musu cewa kalar da Ifraimu ta yi a gonar inabi ta fi dukan girbin danginsa na Abiyezer, gama su ne suka kama shugabannin Madayanawa biyu, Oreb da Ziyib. Duk wanda ya taɓa bin gonar masara a Kafur ko Bakori bayan an kwashe ya san kala ba ta kai girbi. Gidiyon ma ya sani. Ya ƙasƙantar da kansa ne, fushinsu kuwa ya huce.

Yefta fa? Ya ce ya kira su ba su zo ba, kuma babu dalilin ƙaryata shi. Mu tuna mutum ne da 'yan'uwansa suka kora daga gidan ubansa saboda asalin uwarsa, ga zafin abin da wa'adinsa ya jawo wa 'yarsa tilo. Sai Ifraimu suka zagi mutanen Gileyad, suka ce da su gudaddu. Gori ya faɗa kan tsohon miki. Aka gwabza, Gileyad suka tare mashigan Urdun, duk mai son hayewa sai ya furta kalmar Shibbolet. Ba'ifraime ba ya iya "sh", sai ya ce Sibbolet, a yanka shi. Mutum 42,000 suka mutu. Ɗaya daga ma'anonin kalmar ita ce zangarniyar hatsi, abin da dukansu suke ci. Gileyad kuwa daga Manassa ya fito, Ifraimu da Manassa duk 'ya'yan Yusufu ne.

Mu ma muna da mashiganmu. A majami'un Funtua da Malumfashi akwai Hausawa 'yan ƙasa waɗanda iyayensu suka karɓi bishara a ƙauyukan nan, akwai waɗanda aiki ko kasuwa ta kawo daga kudancin Kaduna da Filato, akwai Ibo da Yarabawa. Mai karanta Nassi ya kasa "ƙ" ko "ts", a soma murmushi a benci. Ba komai ba ne, in ji mu, sai ranar zaɓen dattawa ta zo, a ji ana raɗa cewa wane baƙo ne. A wani wurin kuma juyawa take: masu sujadar Turanci su tsara kwamitin gini ko godiyar kaka, manomin da zai kawo buhunan dawa da waken soya ya ji labari a sanarwar Lahadi.

A ganina kukan "ba a kira mu ba" ba ya rasa girman kai a ciki, na Ifraimu ma haka yake. Duk da haka fasto ko dattijon da aka kawo wa shi ba zai warkar da kome ba ta wurin buɗe littafin taro yă nuna ranar da aka aika takarda. Yefta yana da irin wannan hujja. Abin da ya fi shi ne a tashi a je gidan mai kukan, a ambaci aikin da ya yi wa ikilisiya da sunansa, kuma kafin taro na gaba a aika mutum takanas yă kira shi, da Hausa in Hausa yake ji.